Batirin Motar Haibirid: A Duba Haƙoran Jaki Kafin A Ƙirga Kuɗi

Jawabin da akawun ƙungiya ya gabatar a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, gaban wakilan rassan Salaga, Yendi da Bawku

 

Mai girma shugaban ƙungiya, shugabannin rassanmu uku, sarakunan zango da wakilansu, malamanmu, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, yayyena da ƙannena 'yan kasuwa, direbobi da kanikawa da suka amsa gayyata, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, waɗanda ke raye kuma Allah ya ƙara musu lafiya.

Kwamitin biki ya ɗora mini in yi magana a kan batirin motar haibirid, wato motar nan mai tafiya da fetur da lantarki tare. Wani zai ce me ya haɗa akawu da batir? Abin da ya haɗa mu shi ne takardun neman rance daga asusun ƙungiya, domin ta teburina suke biyowa. Kowa a nan ya tuna shekarar 2022, lokacin da sidi ya faɗi, litar fetur ta kusa sidi 18 a watan Nuwamba, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamba. Tun daga lokacin nake ganin sunayen Prius da Aqua da Camry haibirid a cikin takardun 'yan'uwa masu son sayen mota. A wurin zaman kwamiti kuma kullum sai an rabu biyu. Wasu su ce motar arziki ce, ba ta shan mai. Wasu su ce tarko ce, ranar da batir ya mutu jarinka ya mutu. Kuɗin da ake gardama a kansu kuwa kuɗin dukanmu ne, daga mai buhun albasa a Bawku har zuwa mai kwaryar man kaɗe a Yendi. Saboda haka na zauna da kanikawa, na karanta littafin da kamfani ke haɗowa da motar, na kuma saurari direbobin da ke riƙe da ita. Abin da na tattaro zan shimfiɗa muku, malaman gyara da ke nan kuma su ƙara mana haske bayan na zauna.

Maganata a dunƙule ita ce: batirin nan yana da ƙarko ƙwarai, amma mu a tsufansa muke sayen shi, kuma muna kawo shi ƙasar zafi da ƙura. Wanda ya san haka ya yi shiri zai ci riba. Wanda ya saya da ido rufe ya sayi kifi a ruwa.

Mene ne a cikin akwatin

Motar haibirid tana da batir biyu. Akwai ƙarami mai volt 12, irin wanda muka sani a kowace mota. Akwai kuma babban, wanda ke cikin akwatin ƙarfe a bayan kujerar baya ko a ƙarƙashinta. A yawancin motocin Toyota da ke zuwa mana, babban batirin nan na nikel ne, wanda ake rubuta sunansa da haruffa NiMH. Ba a jona shi da wutar gida. Injin motar ne ke cika shi, sai kuma birki, domin duk lokacin da direba ya sassauta, ƙarfin da zai tafi a banza shi ake mayarwa cikin batir.

In aka buɗe akwatin na Prius na shekarun 2004 zuwa 2015, za a ga guntaye 28 a jere, kowanne falle kamar ƙaramin allo, nauyinsa wajen kilo 1. Kanikawa na kiran kowane guda modul. Kowane modul yana da volt 7.2, in an haɗa duka sai a samu volt 201.6. Aqua, wadda a Amurka ake kira Prius c, tana da modul 20, volt 144. Camry haibirid na farko-farko tana da 34. Abin lura a nan shi ne an ɗaure su ne ɗaya bayan ɗaya, wutar da ta bi ta na farko dole ta bi ta na ƙarshe. Kakanninmu fatake da suka riƙa kai goro daga Salaga zuwa Kano sun san wannan doka: ayari ba ya wuce saurin jakin da ya fi gajiya. Haka batirin nan yake. Modul ɗaya in ya raunana, sauran 27 sai su bi tafiyarsa, kwamfutar mota ta kunna jan alama.

Sirrin ƙarkonsa kuma yana wurin kwamfutar. Ba ta barin batir ya cika fal, ba ta barin shi ya ƙare ƙaf. Tana riƙe shi tsakanin kusan kashi 40 da kashi 80 cikin 100. Ko ka ga layukan allon gaban mota sun cika, a ciki bai cika ba. Wannan ne ya raba shi da batirin wayar hannu, wanda muke cikawa har baki mu tsotse har ƙasa kullum, bayan shekara biyu ya fara kumbura.

Shaidar ƙarkonsa

An fara sayar da Prius a Japan a watan Disamba 1997, ta fita sauran duniya a 2000. Ke nan ba sabon abu ba ne da ake gwadawa a kanmu. A Amurka kamfanin Toyota ya daɗe yana ba da garantin shekara 8 ko mil 100,000 a kan batirin, wato kilomita 160,000, kuma daga motocin 2020 ya ƙara zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ɗan kasuwa ya san ba a ba da garanti mai tsawo haka a kan abin da ke saurin lalacewa. A 2011 mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda aikinta gwada kaya ne, ta ɗauki wata Prius ta 2002 da ta yi tafiyar fiye da mil 200,000 da batirinta na asali, ta gwada ta, ta tarar shan manta da ƙarfinta sun yi kusa ƙwarai da na irinta da suka gwada tana sabuwa. Motocin tasi masu irin wannan batir a biranen New York da San Francisco da Vancouver sun yi ɗaruruwan dubban kilomita ba a canza musu shi ba.

Amma a lura da abu biyu. Na farko, ba kowace haibirid ba ce Toyota. Honda Civic haibirid ta shekarun 2006 zuwa 2008 ita ma batirin nikel gare ta, amma an yi ta kuka da saurin mutuwarsa, har kamfanin ya gyara tsarin kwamfutarta a 2010. Wasu kuma, irin su Hyundai Sonata haibirid da Ford Fusion daga 2013, batirin litiyam gare su, hukuncinsu daban ne. Na biyu, waɗancan tasi sun yi doguwar tafiyarsu ne cikin 'yan shekaru kaɗan, suna aiki kullum, a garuruwa masu sanyi da kwalta. Batirin nikel yana son aiki. Abin da ke cinye shi su ne shekaru da zafi da zama.

To mu wace mota ke iso mana? Motar hannu, wadda muke kira hom yus. Ta yi shekara 8 ko 10 ko 12 a Amurka ko Kanada ko Japan. Da yawa daga gwanjon motocin haɗari ake sayo su. Ta zauna a filin gwanjo, ta zauna a jirgin ruwa, ta zauna a tashar Tema ko Lome ana cinikin kwastan, in ta wuce shekara 10 ma har da tarar tsufa. Ranar da dillali ya miƙa maka mabuɗi, garantin nan da na faɗa ya riga ya ƙare ko yana gab da ƙarewa. Fenti yana ƙyalli, kujeru na ƙamshi, mita na nuna tafiya kaɗan, amma batirin ya ci yawancin kwanakinsa a hannun wani. Mita ana iya juya ta baya. Shekaru ba a juya su. Mai sayen jaki a kasuwar dabbobi ta Bawku ba ya tsayawa kallon sheƙin gashi, baki yake buɗewa ya duba haƙora.

Abokan gabarsa a ƙasarmu

Na farko zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Bawku kan haura digiri 40, Yendi da Salaga ma ba su yi nisa da haka ba. Motar da aka rufe a rana, cikinta kan wuce digiri 60. Batirin nan ba ruwa ke sanyaya shi ba, fanka ce ƙarama ke zuƙo iska daga cikin motar, inda fasinja ke zaune, ta busa masa. Ke nan in cikin mota ya yi zafi, iska mai zafi ake busa masa. Direbobinmu sun saba kashe na'urar sanyi don tattalin mai. A haibirid wannan tattali asara ne, domin sanyin da fasinja ke sha shi batir ke sha. A nemi inuwa wajen ajiye ta, ko da gindin darbejiya ne. In ta sha rana, a buɗe ƙofofi zafin ya fita kafin a tayar.

Na biyu ƙura. Ƙofar da fankar nan ke shaƙar iska tana gefen kujerar baya, a wasu motocin kuma a ƙasanta. Ku tuna hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ku tuna jan ƙasa ta hanyoyinmu na ƙauye, ku ƙara da ƙaiƙayin masara da ɓawon albasa da zaren buhu. Duk wannan fankar ke haɗiyewa har fukafukanta su toshe. Ga kuma halinmu na cusa kaya: jakar Hajiya, ƙunshin atamfa, tabarmar salla, duk a jingina a kan ƙofar iskar. Mota na tafiya lafiya a ido, batir na dahuwa a ciki. Wanke fankar nan aikin awa ɗaya ko biyu ne a wurin wanda ya iya. Ni shawarata a yi shi bayan kowane hunturu, mai bin hanyar ƙasa kullum kuma ya yi sau biyu a shekara. A nuna wa kowane yaron mota inda ƙofar take, a ce masa nan ba a ɗora komai.

Na uku ruwa. Prius ƙasa-ƙasa take, tsakanin cikinta da hanya bai fi santimita 14 ba. Mutanen Bawku sun san abin da ke faruwa wajen Agusta da Satumba in an saki ruwan madatsar Bagre a Burkina Faso. Mutanen Yendi da Salaga sun san Oti da Daka in sun cika. Ruwan da tsohuwar Benz za ta keta ta fita, wannan motar a juya da ita. Ko ruwa bai shiga ta ƙasa ba, in robar but ko ta fitilar baya ta tsufa, ruwan sama kan taru a ƙarƙashin but kusa da batir. A riƙa ɗaga shimfiɗar ana dubawa da damina. Mai wanke mota kuma kada ya watsa tiyo a ciki. Haka nan a yi hattara da motar da ambaliya ta ci a can ƙasar waje aka busar da ita aka turo mana. Warin rima a kafet da tsatsa a ƙusoshin ƙarƙashin kujera su ne ke tona ta.

Na huɗu zama. Batirin nikel yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a taɓa shi ba. Motar nan kuma ba ta da sitata irin ta sauran motoci, babban batirin ne ke tayar da inji. In ya sauka ƙasa da yadda zai iya, turi ba ya tayar da ita, jona waya daga wata mota ma ba ya yi, sai an samo caja ta musamman, wadda ba kowane gareji ke da ita ba. Littafin Prius ya ce a tuƙa ta aƙalla minti 30 ko kilomita 16 duk bayan 'yan watanni. Tsohon batir kuwa ba ya jure ko wannan, gara a tayar da ita duk mako ɗaya ko biyu. Mu mutane ne masu tafiya, wani ya yi wata biyu a Yamai ko Kano ko Wagadugu, wani ya tafi aikin hajji. 'Yan'uwanmu na Bawku kuma sun san lokutan da gari ke rikicewa, a sa dokar hana fita, mutum ya kulle mota ya kai iyali wani gari. Allah ya zaunar mana da Bawku lafiya. Duk mai barin mota ya bar mabuɗi a hannun amintacce, ya koya masa ya kunna ta har alamar READY ta fito, ya bar ta rabin awa a fili, ba a rufaffen ɗaki ba.

Na biyar halin tuƙi. A giyar N motar nan ba ta cika batir. Wanda ya tsaya a layin iyaka a Kulungugu ko Pulimakom ko Tatale, ko yana jiran fanton a Makango, ya bar ta a N da sanyi a kunne, tsotse batir yake yi. A sa ta a P. Masu sakin giya a gangara don tattalin mai su daina. A gangaren dutsen Nakpanduri, in an nufi Garu da Bawku, giyar B ake sa wa domin inji ya taimaki birki. Kada a bari mai ya ƙare a hanya a ce lantarki zai kai mu gidan mai, kilomita ɗaya ko biyu zai yi ya faɗi. Man kwalba na bakin iyaka shi ma haɗari ne. In ya zo da ruwa inji ya ƙi kamawa, kowane gwaji daga babban batir ake cira. In an gwada sau biyu ko uku ba ta tashi ba, a tsaya a kira bakanike. Batun lodi kuma, abin da kamfani ya yarda Prius ta ɗauka, mutane da kaya duka, wajen kilo 370 ne. Direba da fasinja uku sun kusa cinye shi. Ba motar buhunan masara da doya ba ce.

Kafin a biya

Akwai 'yar na'ura da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD2, tana magana da wayar hannu ta wata manhaja irin su Dr. Prius. Kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Tana nuna ƙarfin batir kashi-kashi, a Prius kashi 14, kowane kashi modul biyu. A lafiyayyen batir lambobin nan kusan kai ɗaya suke tafiya. In ɗaya yana faɗuwa ƙasa da 'yan'uwansa duk lokacin da aka taka mota, har ratar ta doshi volt 1, to ga gajiyayyen jakin nan. Lambar cuta da ake tsoro ita ce P0A80, ma'anarta a canza batir.

A sani mai sayarwa yana iya goge wannan lamba ta hanyar cire kan ƙaramin batir na ɗan lokaci, jan alama ta ɓace har kwana ɗaya ko mako. Don haka zagaye ɗaya a bakin gareji ba gwaji ba ne. A tuƙa ta minti 30, da sanyi a kunne, da na'ura a jone, a hau tudu in akwai. A sa ido a kan layukan batir na allo. In suna cika nan da nan suna zubewa nan da nan, batirin ya zama ƙaramin tulu. A saurari bayan kujera, in fanka na ihu tun ba a yi nisa ba akwai magana. In inji ba ya hutawa ko an tsaya, akwai magana. A nemi a ga akwatin batir, in ƙusoshinsa sun sha sukurdireba an taɓa buɗe shi, sai mai sayarwa ya faɗi abin da aka yi. Kowane modul yana da lamba a jikinsa mai nuna lokacin da aka ƙera shi, wanda ya iya karantawa zai gane in an yi gauraye. Aqua kuma a Japan sitiyarinta a dama yake. Tun da Gana ta koma tuƙi a hannun dama a 1974, kuma doka ba ta yarda da shigo da mai sitiyari a dama ba, wadda ka gani a nan an juya ta ne. A duba wayoyin da aka yanka aka ƙulla, domin sau da yawa daga nan fitina ke tasowa a ɗora wa batir laifi.

In mai mota ya ƙi yarda a jona na'ura, a yi masa sallama cikin mutunci. Ƙinsa ya isa amsa.

In jan alama ta fito

Kada a firgita a ce an mutu. A fara da mai araha. Ƙaramin batir mai volt 12 in ya raunana yakan sa motar ta ƙi kunnuwa, fitilu iri-iri su cika allo, alhali babban lafiyarsa ƙalau. Wajen jona masa waya a kula ƙwarai, juya kan waya sau ɗaya yana iya ƙona kayan da suka fi batir tsada, kuma kada a ɗauki haibirid a ce za a tayar da babbar mota da ita. Bayan wannan a duba fanka. Sannan a duba 'yan farantan tagulla da ke haɗa modul da modul, domin sukan yi kore da tsatsa su sa kwamfuta ta ga kamar batir ya lalace. Na'urar sanyi ma mai na musamman take sha, in mai gyaran sanyi ya zuba mata na sauran motoci, jan alama na iya fitowa.

In an tabbatar batirin ne, hanya uku ce. Ta farko a cire modul ɗin da ya mutu a sa wani. Ita ce mafi sauƙin kuɗi, amma sauran duk sa'anninsa ne, shekara ɗaya suka sha zafi ɗaya. Yau ka canza na 6, bayan wata uku na 19 ya faɗi, kuma kowane faɗuwa kuɗin janwe ne zuwa Tamale ko Kumasi. Wannan gyara na wanda ke son ya kai mota gida ne, ko ya sayi watanni kafin ya tara kuɗi. Ta biyu a sayi akwati sukutum na motar da ta yi haɗari, daga Abossey Okai a Akra ko Suame Magazine a Kumasi. A nan shekarar motar da aka ciro shi ita ce magana, kuma a gwada shi a kan mota kafin a cika kuɗi, a rubuta garantin watanni a takarda. Ta uku sabo fil daga kamfani. A Amurka ma kuɗinsa kan kai dala dubu biyu zuwa sama, amma shi ne ke mayar da lissafin shekaru farko. Araha ba ta ado. Wanda motarsa ke da sauran lafiya a inji da jiki, kuma yana nufin riƙe ta shekaru, ya auna ta uku da kyau.

Ina roƙon iyayenmu kanikawa a kan yaran gareji. Duk wayar da aka yi wa launin ruwan lemo a motar nan mutuwa ce a cikinta. Batir volt 200 ne da ɗoriya, kuma akwai na'urar da ke ɗaga shi zuwa 500, a wasu har 650. Akwai filogin tsaro da ake zarewa, a jira minti 10, a sa safar hannu ta masu aikin lantarki, sannan a taɓa. Ba a buɗe modul a ƙara masa ruwa kamar batirin gubar da muka saba. Abin da ke cikinsa dangin sodar nan ce da iyayenmu mata ke haɗa sabulu da ita, tana cin fata, tana makantar da ido. Wanda ya mutu kuma kada a ƙona shi, kada a yar a bola ko kusa da rijiya, balle a Salaga garin rijiyoyi. Nikel ɗin cikinsa kuɗi ne, masu sayar da batir kan karɓi tsohon su rage farashi, kuma a 2016 ƙasar nan ta kafa doka ta 917 a kan irin wannan shara.

Lissafin ɗan kasuwa

Bari mu buga misali. Prius ta 2010 a gwajin Amurka tana shan kusan lita 5 a kilomita 100. Corolla sa'arta tana shan kusan lita 8. Bambanci lita 3. Mai yin kilomita 2,000 a wata ya tsira da lita 60, a shekara lita 720. Kowa ya buga da farashin yau ya ga abin da ya kama. A hanyoyinmu da lodinmu ribar ba za ta kai haka cif ba, kuma ta fi yawa a cikin gari inda ake tsayawa ana tashi, irin Tamale da Kumasi, a kan doguwar hanya da gudu. Duk da haka riba ce ta gaske. Sai dai ba duka ba ce taka. Wani kaso kuɗin batir ne da ke jiran ranarsa. Wanda ya cinye duka, ranar da jan alama ta fito sai ya taɓa jari. Wanda ya ware rabi duk wata, ranar nan za ta same shi da kuɗi a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka, mai zirga-zirga tsakanin Yendi da Tamale, ko Bawku da Bolgatanga, da mutane da kaya marasa nauyi irin su yadi da magani da wayoyi, yana tuƙi kusan kullum, motar nan za ta yi masa rana. Mai shiga ƙauyuka da damina yana ɗauko doya da gyaɗa da waken soya, ko mai ajiye mota wata da watanni, ya nemi wata.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Ina miƙa wa shugabanni shawara biyar, a tattauna a zaman kwamiti mai zuwa.

Ɗaya, kada asusu ya fitar da rancen sayen haibirid sai an kawo sakamakon gwajin batir, da sa hannun bakaniken da ƙungiya ta amince da shi.

Biyu, a saya wa kowane reshe na'urar gwaji guda, ta zauna a ofis, ɗan ƙungiya ya yi amfani da ita kyauta.

Uku, a ɗauki nauyin yaro ɗaya daga kowane reshe, mace ko namiji, ya koyo gyaran wannan mota, ko a Suame ko a jami'o'in fasaha na Tamale da Bolgatanga. Yau mota na lalacewa a Salaga a ja ta fiye da kilomita 100 saboda aikin da ɗanmu zai iya yi a ƙofar gida.

Huɗu, a buɗe littafi. Kowace haibirid ta ɗan ƙungiya a rubuta shekararta, da tafiyarta, da sakamakon gwaji duk wata 6, da duk gyaran da aka yi mata. Alƙaluman da na kawo muku yau na ƙasashen sanyi ne. Nan da 'yan shekaru muna so mu ce ga abin da batirin nan ke yi a zafin Bawku da ƙurar Yendi, daga littafinmu. Ni na ɗauki nauyin riƙe shi in an yarda.

Biyar, a kafa adashin batir, wanda duk mai rancen haibirid zai riƙa zubawa tare da biyan bashinsa, kuɗin su zauna da sunansa.

Akwai ta shida wadda ba ta bukatar kuɗi. Watarana mu ne za mu zama masu sayarwa. Wanda ya san batirinsa ya gaji, ya goge lamba da safe ya sayar wa ɗan'uwansa da rana, ya san hukuncin ɓoye aibin kaya, malamanmu na nan ba sai na faɗa ba. Kasuwancin iyaka da amana yake tafiya. Muna karɓar kaya a Sinkase da Bitu a kan kalmar baki saboda sunan da iyayenmu suka bar mana. Kada batir ya ɓata shi. A faɗi gaskiyar mota, a rage kuɗi daidai aibinta, a rubuta a takarda da shaidu.

 Mai tambaya ya same ni a ofis bayan sallar la'asar, na'urar gwaji guda tana nan da aka ara mana, duk wanda ya zo da motarsa za a duba masa yau. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya, ya maimaita mana wannan rana.